Ordinatar Da Ta Zama Bakin Mahaifina

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan lantarki da ke bakin babbar kasuwar Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Na yi sawu a shagonku har na gaji, kullum sai a ce kun yi tafiya. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Sunana Sabi'u, mahauci ne ni. Mahaifina tsohon dillalin shanu ne da ya yi zamaninsa a tike, wato kasuwar shanu. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da bakinsa da hannunsa na dama. Hankalinsa garau, amma kalma ba ta fita. Hagunsa ba ta riƙe biro, sai dai yatsa ɗaya yana motsi. Waya ta yi wa idonsa ƙanƙanta. Wannan bayanin na yi wa yaronku kafin ya ɗauko mini ordinata, wato kwamfuta, mai arha, wadda ake lanƙwasawa ta baya ta zama kamar allo, a yi rubutu da yatsa a gilashinta. Ya ce garantinta shekara guda ne, kuma haka aka rubuta a faktir, wato rasit.

Ba zan ɓoye alherinta ba. Ba ta da nauyi, cinyar tsoho tana ɗaukarta. Gilashin yana da faɗi da haske. Baba bai san Faransanci ba, maɓallan ba su amfane shi da komai ba, amma da yatsa yana zana ajaminsa manya-manya. Abin da ya fara rubutawa sunan mahaifiyata ne, sannan ya ce kunun ya yi sukari. Ranar an yi kuka an yi dariya a gidanmu.

Ga kukana.

Na ɗaya, batir. Kun fi kowa sanin yadda ake ɗauke wuta a garin nan. Yaronku ya ce tana wuni. Ko daga hantsi zuwa azahar ba ta kaiwa.

Na biyu, zafi. Da bazara ta shigo sai gindinta ya riƙa ɗaukar zafi har sai mun sa matashi a ƙarƙashi. In ta yi zafi sai ta daskare, ko kuma layuka su dinga fitowa su kaɗai ba wanda ya taɓa. Wata Juma'a da rana ina mahauta, Baba ya fara zufa yana dukan gilashin. Harafi biyu ya samu ya rubuta ta tsaya cak. Mahaifiyata ta kawo ruwa, ya ture. Ta kawo mafici, ya ture. Tana tambaya yana kallonta, hawaye na zuba. Sai da na dawo na ga yadda yake numfashi na gane ƙirjinsa ne. Maƙwabci ya kai mu asibiti da motarsa. Likita ya yi mana faɗa sosai a kan jinkiri, na rasa ta yadda zan ce masa na'ura muke jira ta huce.

Na uku, mahaɗin da take lanƙwasawa. Lanƙwasawar nan ita aka sayar mini, amma tun kafin damina ya fara ƙara, sannan ya tsage, rabin gilashin ya daina jin yatsa. Da na kawo ta, yaronku ko buɗe ta bai yi ba. Ya dubi rigar aikina ya ce hannun mahauta ba na irin wannan kaya ba ne, mu muka karya. Alhaji, mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, da wane ƙarfi zai karya ƙarfe?

Na san mai arha na saya, ban kuwa sa ran ta yi aikin mai tsada ba. Amma da an faɗa mini ba ta jure zafin Garwa, da na haƙura na ƙara tara kuɗi.

Roƙona: ku cika garantin da hatiminku ke kai, a gyara ko a sauya. In za ta daɗe a wurin gyara, ku ara mana wata, ko tsohuwa ce. Kuma ku hori yaranku su riƙa faɗa wa mai saye aibin kaya kamar yadda suke faɗin kyansa.

Mako mai zuwa za mu koma ganin likita. Zai tambayi Baba inda ke masa ciwo, ni kuma ba na son in sake amsawa da kintace alhali mai ciwon yana zaune yana kallona.

Allah Ya ƙara muku buɗi na halal, Ya ba ku lafiya, Ya bar muku harshenku har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Sabi'u Mahauci,
Garwa.