Kukan Aksil ɗin Baya

Litinin, 3 ga Maris

Na yaye tamfol daga kan motar Baba. Tsohuwar motar soja ce, koriya, ya saye ta a gwanjo bayan ya ajiye kaki, wai irinta ya yi ta tuƙawa a bariki. Tun da mantuwa ta kama shi take kwance a bayan garejina, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Yaya ce ta matsa in tashe ta, mu riƙa fita da shi shan iska, ko zai daina kallon bango. Da na sa mata sabon batir ta yi tari, ta yi tari, ta kama.

Laraba, 5 ga Maris

Mun fita. Ina taka totur sai wani kuka ya taso daga baya, siriri, kamar mace na waƙa a ɗaki na nesa. In na ɗaga ƙafa ya sauka, in na taka ya dawo. A kwana kuma wani abu ya ce ƙwas. Kunnen bakanike ba ya son irin wannan.

Amma Baba! Mutumin da ya yi watanni bai haɗa magana ba, sai ga shi ya gyara zama, ya dafa gaban mota. "Kofur, sassauta, akwai gada a gaba." Babu wata gada, shagon mai wanki ne. Ya ɗauka wani abokin aikinsa na soja ne ke tuƙi. Na ce, "Baba, ni ne fa, autanka." Ya dube ni kamar na taka masa ƙafa, bai sake cewa uffan ba har gida. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na ɗaga motar gaba da baya, na ɗora a kan turakun ƙarfe. Na juya tayar baya da hannu, tana rawa kamar ta sha wani abu. Shaf ɗin hagu, sandar ƙarfen da ke juya tayar, ya lanƙwashe ke nan. Na kwance notin ƙasan tukunyar da ke tsakiyar aksil, inda giyoyin da ke raba wa tayoyi gudu suke. Man ya zubo baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Na daɗe a kwance ina kallon ƙyallin a cikin roba, har na manta me nake nema.

Da na buɗe murfin tukunyar: boris, zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, ya cinye, babbar giya ta zubar da haƙori, na kusa da shi ya tsage. Ita da mai ita duk giɓi. Kukan nan na boris ne. Wata rana tsagaggen haƙorin zai faɗa tsakanin giyoyi, tayoyi su cije ana tsakiyar gudu.

Lahadi, 9 ga Maris

Na yi mafarkin ina tuƙa ta a cikin ruwa, ba ƙara ko kaɗan. Ban ji daɗinsa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai gwangwan, dillalin tsofaffin ƙarafa, ya samo mini giya da boris daga wata gawar irinta, masu kyau. Suna nan cikin kwali. In na ɗaura su, mota za ta yi shiru. Abin da na kasa gaya wa Yaya ke nan. Ita dai cewa take, "Kar ka kuskura ka sake fita da shi a haka, kai da ka san ciwon motar." Gaskiyarta. Sai dai ba ta ga fuskarsa ran Laraba ba. Ba titi ne ya dawo da shi ba, kukan ne.

Asabar, 15 ga Maris

Na mayar da murfi, na zuba mai, na tashe ta a kan turakunta don in kara sukundireba a jikin tukunyar in tabbatar da inda ƙarar take kafin in wargaza. Tayoyi na juyawa a iska, kukan ya cika gareji. Ina ɗagowa na ga silifas a bakin ƙofa. Baba ne, shi kaɗai, ya ratso tsakar gida ba wanda ya riƙe shi. Ya zagayo, ya kama marfin ƙofar motar, ya hau.

Na hau ni ma, na zauna a sitiyari. Ƙofar gareji a buɗe, rana ta shigo ta kwanta a kan gilashi, gabanmu bango da tsofaffin tayoyi. Ya yi ta nuna mini hanya. Mun wuce wani kogi, da wani gari mai yawan karnuka, da inda ya ce an taɓa ba su ruwa mai sanyi. Bai taɓa ba ni waɗannan labaran ba lokacin da yake da hankalinsa. Na ji kishin Kofur ɗin nan, wallahi.

Talata, 18 ga Maris

Yaya ta leƙo ta same mu muna "tafiya". Ta ce, "Yanzu mahaukatan sun zama biyu." Amma ta jingina da ƙofa ta tsaya har muka iso, tana goge ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Ta tambayi yaushe zan gama gyara. Na ce kayan ba su yi daidai ba. Ban ma gwada su ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na ɗora kwalin a saman kanta, can bayan gwangwanayen fenti. Boris ɗin ba zai daɗe ba ko a kan turaku, na sani. Ina sa mata mai mai kauri, ba na wuce giya ta biyu.

Yau hanyar ta yi nisa. Na kashe inji, tayoyi suka ƙarasa juyawa. Can ya ce, "Kofur, ina da ɗan auta a gida. Hannunsa na da kyau a ƙarfe. In mun koma ka tuna mini in gaya masa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, zan tuna maka."

Gobe da safe za mu sake fita. Ya ce in duba ruwan lagireto.