Ƙorafi Kan Raba Ni Da Maigidana A Cikin Jirgi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Fasinjoji,
Babban Ofishin Kamfani.

Daga:
Malamar Kimiyya (mai ritaya),
Fasinjar kujera ta 38E a jirginku na ranar 3 ga Yuni.

Kwanan wata: 16 ga Yuni, 2025.

Game da: Raba ni da maigidana mara lafiya a doguwar tafiya, abin da hakan ya jawo masa, da roƙon gyara kafin komawarmu ranar 28 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan aiki yana tafiya daidai, ina neman izini in gabatar da kukana. 'Yata ta nuna mini shafinku na waya inda fasinja ke taɓa taurari ya nuna jin daɗinsa. Na duba, ban ga tauraron da zai ɗauki maganata ba, shi ya sa na koma ga takarda.

A ranar da na ambata ni da maigidana muka hau jirginku, a ajin da kuke kira na tattali, mu kuma muke kira na baya, domin ganin 'yarmu da ta haihu a wata nahiya. Tafiya ce ta yini guda cur a sama. Maigidana tsohon likitan dabbobi ne, shekarunsa saba'in da tara. Shekara biyu da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki: yana jan ƙafar hagu, maganarsa ta yi nauyi, kuma yana shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. An sanar da ku duk wannan tun lokacin sayen tikiti, an kuma nemi keken marasa lafiya. Keken kun kawo, na gode. Ga sauran.

1. A kantarku ta filin jirgi aka ba ni kujera ta 38E, shi kuma aka ba shi 61A, can ƙurya. Da na yi magana, ma'aikacinku ya ce kwamfuta ce ke raba kujeru domin nauyin jirgi ya daidaita. Ranka ya daɗe, na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da darasin nauyi da ma'auni. Ni da maigidana, a haɗa mu da takalmanmu, ba mu kai nauyin amalanken abincin da ma'aikatanku ke turawa daga wutsiyar jirgi zuwa goshinsa ba, ban kuwa ga jirgin ya karkace ba. Na faɗa wa ma'aikacin haka. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce na cikin jirgi za su gyara.

2. Na cikin jirgi suka ce ai na ƙasa ne ya kamata su gyara. Suka ce in jira a tashi. Da aka tashi suka ce in jira a gama rabon abinci. Sun kuma shaida mini cewa ƙa'ida ce a zaunar da mai lalura a bakin taga, wai ya fi masa sakewa, ba mai bugunsa da kaya. Da na matsa, sai wata ta ƙara da cewa hakan yana hana shi tare wa mutane hanya idan an samu hatsari. To, wannan na gane. Ina dai roƙo, idan ƙa'ida ta lafiyayyu ce, a daina gaya wa gurgu don shi aka yi ta. Ni da kaina na roƙi maza biyun da ke tsakaninsa da hanya wani ya musanya da ni. Suka ji tawa ta tsakiya ce, suka ba ni haƙuri. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da gwiwoyina suka yini manne da bayan kujerar gabana na san abin da suka guje wa.

3. Bayan abinci, da rana tsaka, aka sa kowa ya rufe taga, aka kashe fitilu. An ce hakan yana taimaka wa jiki ya saba da sabon lokaci. Wataƙila. Ni dai abin da na lura shi ne fasinjan da ya yi barci ba ya neman ruwa, ba ya danna ƙararrawa. Mazan nan biyu suka toshe kunne, suka ɗaure ido, suka miƙe ƙafa, maigidana yana bayansu kamar an rufe shi a kabad.

4. Na yi ta ƙoƙarin zuwa wurinsa. Wani lokaci amalanke ya tare hanya, wani lokaci fitilar ɗaura bel tana kunne, alhali ko shayin da ke gabana bai motsa ba, a mayar da ni kujerata kamar ɗalibar da ta fito ba izini. Daga ƙarshe na roƙi wata ma'aikaciya ta duba mini shi. Ta dawo ta ce ya yi mata murmushi, ya ce ba komai.

A nan ne kuskuren yake, kuma ina so a karanta shi da kyau. Mutumin nan, ranar da ciwon ya kayar da shi a tsakar ɗaki, bakinsa a karkace, abin da ya fara ce mini shi ne ba komai. Tun da muka yi aure bai taɓa ta da ni daga barci ba. Idan zai fita da asuba duba dabbar wani, takalmansa a hannu yake riƙewa har ƙofa. Irin wannan mutum ba zai girgiza baƙi biyu masu barci ba. Ba kuwa zai dubi yarinya sa'ar jikarsa ya ce mata fitsari ya matse shi ba. Ƙararrawar ma kun ɓoye ta cikin gilashin da ake shafawa da yatsa, shi kuwa hannunsa rawa yake yi. Da an tambaye ni, da na ce kada a tambaye shi ko lafiya, a ta da mazan kawai a miƙa masa hannu. Ba a tambaye ni ba, domin ina layi ashirin da uku a gaba, ina daidaita nauyin jirgi.

5. Lokacin da na samu isa gare shi, na tarar ya ja bargonku har ƙirji, ya juya fuska ga rufaffiyar taga. Ban buƙaci a gaya mini ba. Ba zan rubuta abin da ya faru da sunansa ba, Ranka ya daɗe. Kai ma kana da uba. Kayan canji suna cikin ƙaramar jakarmu, ita kuwa an karɓe ta a ƙofar jirgi an kai ta ma'ajiyar ƙarƙashin jirgi, wai wurin kayan hannu ya cika. A haka ya zauna har muka sauka. Sai ga wata ƙa'idar: mai keke shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita. Kowa ya wuce, masu shara suka shigo, sannan aka ɗaga shi a gabansu. Ma'aikaciyar nan ta kawo bargo na biyu ta rufe shi, idonta ya kawo ruwa, ta kuma tsaya ta kare shi da jikinta. Ina roƙo kada a hukunta ta. Abin da aka koya mata ta yi, sannan ta ƙara da abin da uwarta ta koya mata.

A naɗe cikin bargonku ya haɗu da 'yarsa da surukinsa. Ranar ya ƙi karɓar jaririyar da muka ƙetare teku dominta.

6. Wannan shi ne ya sa ba zan iya jira ba. Tun da ya ji ranar komawa ta gabato, maigidana ya rage shan ruwa. Cewa ya yi yana horar da jikinsa ne, don kada a maimaita. Ƙwayar maganin hawan jinin ma na tsinci biyu da ya ɓoye a aljihun rigarsa. Likitan da 'yarmu ta kai shi ya ce jininsa ya hau, kuma ƙodarsa ba za ta jure wannan horo ba. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, ya bar ni na gama, sannan ya tuna mini cewa ya duba dabbobin da suka kwana biyu ba ruwa kuma suka tashi. Na ce masa su ba su shekara saba'in da tara ba. Ya yi dariya, amma kofin yana nan yadda na ajiye shi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka:

(a) A ba mu kujeru biyu a jere a jirgin ranar 28 ga Yuni, tasa a bakin hanya, kusa da banɗaki, kuma a aiko mana da tabbacin haka a rubuce cikin wannan mako.

(b) A bar mana ƙaramar jakarmu a hannu, ko da a ƙarƙashin ƙafata za ta zauna.

(c) A sake duba dokar da ke raba mai lalura da mai kula da shi. Idan akwai hujjar da ta fi wadda aka ba ni, ina son in ji ta. Ban tsufa da koyo ba.

Ba na neman diyya, ba na neman makin tafiya da kuke ba fasinja kyauta, ba na kuma neman a kai mu ajin gaba. Maganata ni kaɗai ba ta isa ba, domin ya ɗauka lallashinsa nake yi. Sai ya ga lambobin kujerun nan biyu a jere a kan takardarku zai yarda ya sha ruwa. Yau da safe rabin kofi ya sha, ya turo mini sauran.

Na haɗo kwafin tikitinmu da takardar likita. Lambar wayar 'yata tana jikinsu, kuma a kunne take.

Ina jiran amsarka, tare da dukkan girmamawar da ta dace da ofishinka.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamar Kimiyya, mai ritaya.