Itacen da Iya ta Tara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ki kamar yadda kika koya mini, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga Makarfi nake rubuto miki, gidan mijina. Na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci shekarar da aka sauke tutar Turawa, amma sai yau ya yi mini rana, don maganar da ke cina ba ta faɗuwa da baki.

Ina da ciki, Inna, har ya tsufa. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai ni Kudan goyon ciki wurin Iya, mahaifiyarki, wadda ta riƙe mu bayanki. An ce mini ta tara itace har ya kere danga, ta sayi kanwa, ta sa an sake yaɓe gadon ƙasar nan da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Tun da na ji na kasa zama wuri guda. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in fita tsakar gida in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba.

A kan gadon nan kika yi jegon ƙanena Sani, da bazara. Ina tuna Iya tana tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa tana fyaɗa miki safe da yamma, sannan ta miƙo kunun kanwa ta tsaya a kanki sai kin shanye. Bayan suna ƙafafunki suka fara kumbura. Nakan danna yatsa a ƙaurinki, ramin ya zauna, ni kuwa in yi ta dariya don ban san komai ba. Daga baya kwanciya ta gagare ki, sai barci a zaune kina haki. Kowa ya ce sanyi ne ya shige ki, sai aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Ba ki kai arba'in ba.

Watan jiya na raka maƙwabciyata Talatu asibiti a Zariya, ita ma ta kumbura bayan haihuwa. Da na gan ta jingine da bango tana neman numfashi, wallahi ke na gani. Wata ma'aikaciyar jinya, Bahaushiya irinmu, ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da raini ba. Ta ce suna yawan ganin haka ga matan ƙauyukanmu, musamman lokacin zafi. Gishirin kanwa yana tare ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta, ga ta dama ta wahala da ciki. In ta gaji, ruwan ya taru a ƙafa da ƙirji. Ba kowace mace yake kamawa ba, shi ya sa tsofaffi ba sa zarginsa. Aka hana Talatu kanwa, aka ba ta ƙwayoyi masu sa fitsari. Yau da safe na ji ta tana daka tana faɗa da kaji.

Na yi murna, na kuma ji haushi har na kasa cin abinci. Ashe abin yana da dalili, kuma dalilin a cikin ƙwaryar da muke miƙa miki yake.

Kin san uwarki. Har gobe in an ambace ki sai ta ce, "Da itacena ya isa a shekarar nan, da 'yata tana nan." Da wannan take kwana take tashi. Shi ya sa ta tara mini wanda ya ninka naki, da bayanta da ya riga ya ranƙwafa. To yaya zan yi, Inna? In na yi shiru, na hau gadon, ga tsoro ya cika ni, ina son in ga ɗan nan yana tafiya. In kuma na gaya mata abin da na ji a Zariya, na gaya wa tsohuwa cewa hannun da ta yi miki gata da shi ne ya ƙarasa ki.

Na juya maganar har na gaji, ga inda na tsaya. Zan yi wanka da ruwa mai ɗumi, amma ba zan sha kanwa ba, ba zan hau gadon ba. Zan ce likita ne ya hana ni, ni kaɗai, saboda yanayin jikina. Za ta ce boko ya lalata ni, za ta kai ƙarata gida-gida, wataƙila ta daina amsa gaisuwata. Zan shanye duka. Sunanki dai ba zai fito daga bakina ba.

Ki yafe mini ɓoye gaskiyar mutuwarki, Innata. Allah ya haskaka kabarinki, ya sauke ni lafiya. Iya kuma Allah ya bar ta da fushinta a kaina, kada ya nuna mata ranar da za ta gan ni na tashi garau ta zauna ta gane dalili.

Taki 'yar fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,
Hajara