Jikana Ya Ce Ni Na Jawo Wa Matata Ciwon Ajalinta

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Ku taimaka mini da gaskiya ko da mai ɗaci ce, don ba ni da wanda zan yi wa wannan tambaya ban ji kunya ba.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Na yi boko tun zamanin da ake dukan yatsu a kan mummunan rubutu, shi ya sa har yau na fi yarda da alƙalami. Matata ta rasu bara waccan da sankarar bakin mahaifa. Ni na yi jinyarta, ni nake wanke zannuwan gado da kaina, don ba ta so yara su gani. Tun daga nan ni kaɗai ne a gidan, sai rediyo da kayanta da na kasa rabarwa.

Ina da jika, ɗan babbar 'yata, yana karatun likita, ya kusa gamawa. Duk ƙarshen mako yakan zo da uwarsa ya auna mini jini, muna tsokanar juna. Ni in ce masa likitan kaji, shi ya ce tsoho ya ƙi tafiya ya bar masa ɗaki. Wata rana ya ce jarrabawa ta matso, kuma an ce su riƙa gwada yi wa mutanen gida tambayoyin da ake yi wa marar lafiya, don bakinsu ya saba. Na miƙa hannu yana ɗaura abin awo, na ce bismilla. Ya fara da tarina da ciwon gwiwa. Sai ya gangara kan kakarsa: tana da shekara nawa muka yi aure, haihuwarta nawa. Da ya ji aiki ya sha kai ni wasu garuruwa ina barinta a gida, sai ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo. Ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ciwon, ta kwanciya ake ɗaukarta, kuma mace mai kamun kai irin kakarsa ba ta samunta sai in mijinta mai bin mata ne. Da murmushi ya faɗa, idonsa a kan abin awo, kamar mai ba da amsa a aji. Uwarsa tana bakin ƙofa da tire a hannu.

Ta ajiye tiren, ta ce yamma ta yi. Tun ranar ba ta sake taka gidan ba. Abinci yana zuwa, amma a hannun mai babur. In na kira, daga gaisuwa da ya jiki sai sallama. A bakin ƙanwarta na ji za ta kai autarta a yi mata allurar rigakafin ciwon, wai ba a san irin mijin da yarinya za ta faɗa hannunsa ba. Na san da wa take.

Allah ne shaidata, ban taɓa sanin wata mace ba sai ta aure. Na yi wani gajeren aure ina matashi, ya mutu. Ita ma marigayiyar ta taɓa aure kafin ni, mijin ya rasu da wuri, jikokin ba su ma sani ba. Da wanke kaina nake so ko ta halin ƙaƙa, da na tuna wa 'ya'yana wannan. Amma ba zan ɗora harshena a kan matar da ke kabari don in sayi gaisuwar 'ya'yana ba.

Wannan ne ilimin yanzu? Gobe jikan nan nawa za a ba farar riga, ya faɗa wa matar wani haka a gaban 'ya'yanta. Har na yi niyyar aika musu cewa ban yarda a yi wa jikata allurar ba, don in an yi, kamar an sa hannu ne a kan zargin. Ku gaya mini, ni na kashe ta?

Naku,
Tsoho mai jiran sallama

AMSA

Baba, Allah Ya jiƙan Mama, Ya saka maka da jinyar da ka yi mata. Ba ka kashe ta ba.

Jikanka rabin karatun ya kawo maka. Gaskiya ne HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, kuma ta saduwa ake ɗaukarta. Abin da ya bari shi ne, mafi yawan manya, maza da mata, suna gamuwa da ita ba su sani ba, kuma jiki yakan kore ta da kansa. A jikin wasu kaɗan takan lafe, sai bayan shekaru masu yawa ta zama ciwo. Ba ta buƙatar yawon banza, auren halal ma ya ishe ta hanya. Ba zan ce ba ta wajenka ta bi ba, ba zan ce ta wajenka ta bi ba. Babu likitan da zai iya rantsuwa a kan haka. Samunta ba shaidar cin amana ba ce.

Ba na jin mugunta ce ta sa yaron ya yi magana. Hadda ce da ba ta gama nuna ba, ga ɗokin nuna iyawa. Amma fushinka yana kan hanya, kuma gara ya ji zafin kuskuren yanzu a gida da ya kai shi asibiti. 'Yarka kuwa uwa ta rasa, tana neman inda za ta sauke baƙin cikinta, sai ɗan da take taƙama da shi ya nuna mata kai.

Kada ka hana allurar. Ba hukunci ba ce a kanka. Tun yara suna ƙanana ake yi musu ita, don ta fi aiki kafin a gamu da ƙwayar. In ka hana, yarinyar da ba ta yi maka komai ba ce za ta ɗauki nauyin fushinka. Su ma 'ya'yanka mata su je a yi musu gwajin bakin mahaifa.

Jikan za ka kira, ba uwar ba. Ka ce ya kai maganarsa, yadda ya faɗe ta, gaban malaminsu na cututtukan mata, ya tambaya ko daidai ce. Sannan ya dawo ya faɗi amsar a gabanka, uwarsa tana ji. Da bakinsa ya ɓata, da bakinsa zai gyara, ba sai ka taɓa tarihin Mama ba.

Wataƙila 'yarka ba za ta sauko rana ɗaya ba. In ta zo, kunya ta hana ta ba da haƙuri da baki, kada ka tsaya jiran kalmar. Zuwan ya isa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba, Ya sa ka ji sallamarta a ƙofa ba da daɗewa ba.