Tocila Biyu a Ɗakin Baba

Litinin, 6 ga Oktoba

Wata bakwai cif da Baba ya faɗi a ƙofar shagonsa na gyaran rediyo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wata bakwai rabona da teburina a shagon gyaran waya. Ban yi niyyar lissafawa ba, kalandar ce ke kallona daga bango.

Yau ma kamar jiya. Wanka, magani, shayi da cokali, juya shi duk bayan awa biyu. Iyakar yawona daga ɗakinsa zuwa kicin.

Da la'asar ina neman almakashi a akwatin kayan aikinsa sai na ci karo da tsohuwar tocilarsa. Ta ƙarfe, mai cin manyan batir uku, nauyi kamar guduma. Da ita nake haska masa cikin rediyo tun ina 'yar shekara tara, yana cewa, “Ƙasa kaɗan, Injiniya.” Na danna, ko ƙyas. Batiran sun zubar da ruwa sun cinye cikin.

Na ajiye ta a gefe. Ban dai mayar ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kankare tsatsar da samfefa. Na jawo ƙaramin tebur gindin tagar ɗakin Baba, yadda ina aiki ina ganinsa. Da ƙarfen dalma ya yi zafi warin ya tashi, sai da idona ya kawo ruwa. Hayaƙin ne.

Abin da nake so: in cire tsohon ƙwan, in sa ƙaramin nan na zamani mai farin haske. Batir na caji, akwai su a cikin matacciyar kwamfutar da Yaya ya jibge mana a sito. Sai fanel, ɗan allon da ke raba wa ƙwai wuta, wannan zan ciro daga wata fitilar da ta fashe. Babu wanda ya sa ni. Wataƙila shi ya sa nake so.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yaya da matarsa sun zo, kamar kowace Asabar. Leda biyu, minti ashirin, waya a hannu. Ya gaida Baba da ƙarfi kamar kurma ne. Na sha gaya masa yana ji sarai.

Ya ga teburin. “Auta, wannan tarkacen fa?” Na yi masa bayani. Ya ce in haske nake so in faɗa, akwai wadda ke haska ƙarshen titi a kanti, an gama haɗa ta. Na ce ba haske nake nema ba. Ya ce to me nake nema. Na tashi na ɗora ruwan zafi.

Matarsa ta biyo ni kicin, wai ko ta riƙa zuwa Talata da Alhamis ta kama min. Na ce na gode, Baba ba ya karɓar magani a hannun kowa sai ni. Ta ce to, ta hau wanke kofunan da na riga na wanke.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ƙwai na farko ya ƙone. Ban sa masa abin da zai shanye zafi ba. Ni, mai shekara shida a gyara.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ta kama.

Na yanko ɗan jan ƙarfe na goge shi ya yi sumul, na ɗora sabon ƙwan a kai. Kwana biyu ina fama da tsayinsa a cikin kwanon da ke tattara hasken, in ya yi sama kaɗan sai baƙin rami ya fito a tsakiya. Bayan magariba na kashe fitilar ɗaki na buɗe taga. Hasken ya tsallake katangarmu, ya tsallake titi, ya sauka a kan tankin ruwan benen da ke tsallake, har rubutun jikinsa na karanta. Na daɗe a tsaye ina yawo da shi. Tanki, eriya, shanyar wasu da ban sani ba.

Na waiwayo, Baba yana bin hasken da ido. Ya yi ɗan gurnanin nan nasa. Ban san ko yabo ba ne ko fitsari yake ji. Fitsarin ne.

Mai shagon da nake wa aiki ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yaya ya kawo tocilar kantin. Baƙa, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, a cikin kwali mai hoton dutse. Bai ko zauna ba ya ja ni sito ya rufe ƙofa, wai a gwada. Na kunna tawa. Ya kunna tasa. Tawa ta ɓace a cikin tasa kamar ban kunna komai ba.

“Kin gani? Ko minti biyar ban yi a kantin ba.”

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Murna yake yi ya warware min matsala. Ya nuna min in an danna sau ɗaya kaza, sau biyu kaza, ban saurara ba. Da kansa ya rataye ta a ƙusa a banɗaki, wai nan ne babu taga.

Ta fi tawa, ba ƙarya. Nesa ba kusa ba. Kwana goma na yi ina ji da kaina a kan abin da kowa zai iya ɗaukowa a kan kanta.

Na kwashe kayan na mayar akwati. Teburin na ɗora wa magunguna.

Talata, 21 ga Oktoba

Na ɗauki kiran Mai shago. Ya tambayi jikin Baba, sannan ya yi gyaran murya. Zai iya riƙe min teburina zuwa ƙarshen wata, bayan nan dole ya zaunar da wani. “Ko rabin yini ne, kwana biyu a mako, ki zo. Hannunki ba na zaman gida ba ne.” Ina jin hayaniyar shagon a bayansa, wani na cigiyar filaya.

Na ce zan yi tunani. Wane tunani? Wa zan bar wa shi?

Laraba, 22 ga Oktoba

Wannan kam sai na rubuta.

Wajen tara da kwata na safe ina yi wa Baba wanka. Yana kan kujerar roba, jikinsa duk sabulu, sai aka ɗauke wuta. Baƙi ƙirin. Na ce, “Baba, kada ka motsa,” na lalubo tocilar Yaya a ƙusa. Na danna, hasken ya daki farin tayil ya dawo mana a ido, ni kaina ban ga komai ba. Na sake dannawa don ta ragu, ta ragu kaɗan. Na ƙara, sai ta hau walƙiya, fal fal fal, ba tsayawa.

Baba ya firgita. Ya zabura da ɓarinsa mai lafiya, kujerar ta sulɓe. Na rungumo shi, muka tafi tare. Ni a ƙasa, bayana a jikin bango, ƙafata ta hagu a lanƙwashe ƙarƙashinsa. Kansa dai bai bugu ba, a ƙirjina ya sauka. Tocilar ta gangara bayan bokiti tana ta walƙiyarta.

Na yi na yi in ɗaga shi, santsi ya hana. Ban san yana da nauyi haka ba, mutumin da duk ya rame. Wayata tana kicin. Na yi kira har muryata ta dushe, banɗakin a can ƙuryar gida yake, wa zai ji. Sai na bari. Na miƙa hannu na jawo tawul na lulluɓe shi, na rufe masa ido da tafina saboda hasken. Jikinsa na kakkarwa. Ruwan da ke bin hannuna mai ɗumi ne, na gane kuka yake. Tunda nake ban taɓa ganin kukan Baba ba, ko ranar da Inna ta rasu. Yau ma ban gani ba, ji na yi.

Na riƙa yi masa surutu, ban san me da me na ce ba. Har labarin rediyon da ya ja ni da wuta ina ƙarama na ba shi.

Ƙarfe goma mai gashin ƙashi ya zo, yau ranarsa ce. Ya yi ta buga ƙofa, da ya ji ihuna ya karɓo makulli wurin maƙwabciya. Su biyu suka ɗaga shi. Babu karaya, sai ƙujewa a gwiwar hannu. Maƙwabciya ce ta ɗauko tocilar, ta yi ta dannawa kafin ta mutu.

Da Laraba ba ta kama yau ba fa? Na kasa daina wannan tambayar.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Bayana kamar an daka.

Yaya ya zo tsakar mako, abin da bai taɓa yi ba. A kicin muka yi ta, da murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Na ce tocilarsa ce ta ja. Ya ce, “Ba tocila ba ce, Auta. Ke kaɗai ce a gidan.” Na ce wa ya bar ni ni kaɗai ɗin. Na faɗi abubuwa da yawa, na leda biyu da minti ashirin, duk na amayar. Ya tsaya ya sha, idonsa ya yi ja. Ya ce gaskiya ne, shi ba ya iya kallon Baba a haka, shi ya sa yake gudu. Sannan ya ce, “Amma sau nawa matata ta ce za ta zo kika hana?”

Da ya tafi na ƙirga. Sau huɗu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na sauke magungunan daga teburin.

Na farke tocilar Yaya. Jikinta mai kyau ne, ƙwanta ya fi nawa, wannan na yarda. Amma wayoyin ciki siraran banza, ɗaya da ƙyar take riƙe. Na cire fanel ɗinta na sa wani, babu walƙiya, kuma in an danna da mafi ƙarancin haske za ta fara. Ta Baba kuma na canza mata ƙwai, na sa mai ruwan ɗorawa irin na da, na goge gilashin da samfefa ya yi dishi-dishi. Yanzu ko katanga ba ta kaiwa. Ita za ta zauna a banɗaki.

Ina cikin liƙa waya ta ƙarshe na ji ƙwas ƙwas. Baba ne ke buga ƙarfen gado da zobensa. Na zata ruwa yake so. Ya girgiza kai, ya nuna teburin. Na kai masa fanel ɗin kusa da ido. Ya ɗora yatsa a kan liƙin da na yi, dalmar ta dunƙule ba ta kwanta ba. Bakinsa ya yi ta motsi, can ya ce, “Sa...ke.”

Wata bakwai rabon da in ji kalma ta fito masa sosai, kuma da ta tashi fitowa gyara min aiki ta zo yi. Na sake. Ya duba, ya lumshe ido.

Talata, 28 ga Oktoba

Matar Yaya ta zo, wai koyo. Komai a hankali take yi, filo ma ba ta san yadda yake so ba. Na tsaya a kanta kamar mai gadi. Da lokacin magani ya yi na ce ta gwada ta gani. Ta ce, “Baba, bismilla.” Ya buɗe baki ya haɗiye, ko yamutsa fuska bai yi ba.

Lallai Baba. Ni da nake shan lallashi kullum.

Na shiga sito na zauna a kan kwali, ban san me ya ɓata min rai ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na kira Mai shago. Gwaji ne kawai, na gaya masa. Na rubuta wa matar Yaya abin da za ta yi, shafi uku. Wanka ba ya ciki, wannan sai muna biyu, haka muka yanke.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Yaya ya yi awa biyu. Shi ya yi wa Baba aski, ya yanke shi a haɓa, Baba ya harare shi. Ya ɗauki baƙar tocilar ya danna, ya ce na lalata masa kaya, ta koma kamar kyandir. Na nuna masa yadda ake ƙara hasken. Ya juya ta, ya juya ta, can ya ce akwai irinta a motarsa, ita ma walƙiyar na ba shi haushi, ko zan duba. Na ce ya bi layi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na je.

Sun matsar min da kujera, wani ya yi amfani da ƙaramin sukundirebana ya cinye masa baki. Waya biyar na gyara. Na yi niyyar kiran gida duk bayan awa ɗaya. Da na ɗaga kai na duba agogo, ɗaya saura. Na kira a gigice, matar Yaya ta ce sun ci abinci, yana barci, ita tana guga.

A hanyar dawowa na sauka daga bas tun kafin a kawo tasharmu, tasha biyu. Babu dalili, ƙafata ce ta so. Na tsaya na kalli masu fentin wani gini, na sayi lemo na shanye a tsaye a bakin titi kamar marar aikin yi. Na gaya wa matar Yaya cunkoso ne ya tsare ni. Akwai cunkoson kam, kaɗan.

Mai shago ya tambaya ko ran Alhamis zan iya kaiwa la'asar. Na ce sai na gani. Na dai riga na goge kayan da zan sa.