Motar Da Na Hana Barci

Zuwa ga Yaya Umar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Hajo da yara, ya sa albarka a nemanka a can Guwanzu ta ƙasar Sin, ya tsare ka da sharrin baƙunta. Mu ma nan gida muna lafiya gwargwado. Na fita takaba kwana goma sha ɗaya ke nan. Rukayya ta koma makaranta, Nana kuma har yanzu da an taɓa ƙofar zaure sai ta ruga ta ga ko Abbanta ne. Damina ta yi ƙarfi bana, katangar bayan gida ta zube ta wajen ɗakin girki, an tare wurin da langa-langa kafin ruwa ya ɗauke. Sai kuma jaddada ta'aziyyar Ya Kaka. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da ɗanta, maigidana, a aljanna, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Sau uku ina kiran ka da niyyar faɗa maka wata magana, sau ukun kuma ina ɓigewa da tambayar yanayin garinku. Ka san ni da baki, tun muna yara kake cewa ba a taɓa cin ni a musu ba, to wannan karon bakin ya ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta in ba Alhaji Auwal ya taho maka da ita, don takarda ba ta jin kunya. Maganar motar nan ce mai lantarki da ka taimaka wa maigidana marigayi Yaya Maharazu ya sayo, da kuma Muttaka ƙaninsa, wanda ka kira a waya ranar sadakar bakwai ɗin Ya Kaka ka ce masa kada ya sake kiran ka ɗan'uwa. Ina tsakar gida a lokacin, na ga yadda ya riƙe wayar yana cewa to, to, har ka gama.

Bari in fara daga farko, don akwai abin da ba ka sani ba. Da marigayi ya rasu, Baba Isyaku, a matsayinsa na babban dangi, ya tattara kayansa kaf ya ce kada wanda ya taɓa ko allura sai an yi rabon gado, saboda dukiyar marayu ce. Motar tana garejin bakin titi, tunda lungunmu ko baro sai an karkata. Da hannunsa ya zare wayar cajin daga bango, ya ce ba zai bar abu yana shan wuta babu mai shi ba, kada gobara ta tashi. Ya kulle garejin ya damƙa wa Muttaka makullai amana. Babu wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba, ai mota in an kashe ta an kashe ta, haka duk muka sani. Da aka zo kan wayar marigayi aka tambaye ni, sai na ce ta ɓace a asibiti. Ƙarya na yi, Yaya. Tana cikin ƙasan adakata, a naɗe cikin ɗankwali.

Ban ɓoye ta don wani mugun nufi ba. Muryarsa nake so in riƙa ji a saƙonnin da ya bari. Ana nan wata rana da hantsi, wajen sati biyu da rasuwar, yatsana ya faɗa kan manhajar motar. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar kamar na rabin minti, sai ga motar ta bayyana, da sunansa a sama. Na danna wurin kyamara, sai ga ni a cikinta. Ga kujerarsa yadda ya tura ta baya saboda dogayen ƙafafunsa, ga carbinsa rataye a madubi, ga hularsa zanna bukar ruwan toka a gaban sitiyari, inda ya ajiye ta ranar da ciwon ya kama shi. Ka san mai takaba ba ta fita, ko zaure ban isa in leƙa ba. Amma ga shi ina zaune a kan tabarma ina kallon wurin da ya zauna na ƙarshe. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Daga ranar abin ya zame mini jaraba. In na idar da asuba sai in duba, da hantsi in yara sun tafi in duba, bayan azahar, bayan la'asar, wani lokacin sau goma a yini. Har da abin da za ka ce na haukace: manhajar tana nuna zafin cikin motar, kuma lokacin bazara ce, sai in ga lambar ta hau, in tuna mutumin nan ba ya jure zafi, in danna in kunna masa esi. Wa nake sanyayawa? Hula. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a Islamiyya, ni ce zaune ina kunna wa hula esi. A ƙasan hoton akwai lambar caji, ranar farko tamanin da huɗu. Ina ganin ta tana sauka, ba zan ce ban gani ba. Da ta kai hamsin na ce gobe zan daina, da ta kai ashirin na ce bari in sa a gaya wa Muttaka ya jona ta. To in ce ta yaya na sani? Sai na fito da wayar da na ce ta ɓace, a gaban Baba Isyaku, a gaban Ya Kaka da ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu. Kunya ta hana ni. Zoben nan kuwa kullum ƙara daɗewa yake yana juyawa kafin motar ta amsa, har wata Laraba ya yi ta juyi bai tsaya ba. Na mayar da wayar cikin adaka na ja bakina na yi shiru.

Kwana goma sha tara bayan haka Ya Kaka ta faɗi. An gaya maka ta rasu a hanya, amma ba a gaya maka yadda safiyar ta kasance ba. Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungu ya zama kogi, titin Ƙofar Wambai ya cika har gwiwa, babu adaidaita sahu ko ɗaya. Wajen ƙarfe tara tana miƙa hannu za ta karɓi koko sai kofin ya suɓuce, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Baba Isyaku da kansa ya ce a buɗe motar, rai ya fi gado. Muttaka da wasu maƙwabta biyu suka ɗauke ta a bargo zuwa garejin. Turai matar Muttaka ce ta bi su da lema, ita ta ba ni labari. Ta ce ya danna makulli, shiru, ya ja ƙofa, ta ƙi. Sai ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, marigayi ya sha gaya masa in motar ta daɗe a ajiye barci take yi mai nauyi, sai an ɗan jira ta farka. Suka kwantar da Ya Kaka a kan simintin garejin suna jira. Minti biyar, minti goma, yana danna makulli yana kara kunne a jikin ƙofa. Sun fi minti ashirin a haka kafin wani ya ce a nemo kurar masu ruwa.

Yaya, ina cikin ɗaki duk wannan lokacin. Na ji sanda Baba ya ce a buɗe motar. Na san ba za ta tashi ba. Da na ɗaga murya ta taga na ce kada su tsaya, su wuce titi kai tsaye, da sun yi. Na buɗe baki, sai na ce wa kaina watakila da makulli a kusa za ta amsa, watakila waya ce kawai ta kasa. Na zauna ina jan carbi ina roƙon Allah ya tashi motar, maimakon in tashi ni. A cikin kura aka tura ta cikin ruwa har inda suka sami mai a-kori-kura, kafin su isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita bai ce minti ashirin ɗin ne ba, bai kuma ce ba su ba ne. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ina karantar da yara hakan. Amma na san abin da na yi.

Bayan sadakar uku aka kira Kabiru makanike, wanda ya koyi gyaran irin motocin nan. Ya sha wahala kafin ya buɗe ta, sai da ya kawo wani batir ya jona ta gaba. Ya yi wa Baba Isyaku bayani cewa motar ba ta mutuwa ɗungurungum in an kashe ta, kwanciya take yi tana shan caji kaɗan-kaɗan, kuma da an ƙyale ta da cajin da ke jikinta da ta kai har bayan rabon gado da saura. Ya ce amma duk sanda aka tashe ta sai ta daɗe ido biyu tana zuƙa kafin ta koma, kuma in babban batirin ya ƙare sai ƙaramin da ke buɗe ƙofofi ya bi shi. Ya ce wannan wani ne ya hana ta barci. Lambar tafiyarta ba ta motsa ba, don haka Baba ya yanke cewa mai makulli ne yake shiga ya kunna esi ya miƙe ƙafa lokacin zafi. Wani a unguwa ma ya ce ya sha jin motar tana huci a cikin gareji da rana tsaka. Gaskiya ya faɗa, ya ji ɗin.

Ka san sauran, tunda kai ma ka sa baki. An ce Muttaka ya ci amanar marayu, an ce son jin daɗinsa ya kashe uwarsa. Baba ya daina amsa gaisuwarsa. A marinar Ƙofar Mata inda yake aiki shekara goma sha biyar, abokan aikinsa sun koma ce masa mai esi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Turai da muke girki a murhu ɗaya ta zo ɗakina tana kuka tana cewa in taya ta addu'a Allah ya tona asirin wanda ya yi wa mijinta wannan, ni kuma na ɗaga hannu na ce amin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau ɗaya kawai ya ce ba shi ba ne, daga nan bai sake kare kansa ba.

Ranar da na fita takaba, bayan 'yan barka sun watse, Muttaka ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya tsaya daga waje. Ya miƙo mini leda, na buɗe, hular ce. Ya ce ya roƙi Baba ya bar wa Rukayya ita. Sannan ya rage murya ya ce yanzu ga ta a hannuna, in huta da kallon ta ta waya. Ya ce tun bazara yake jin motar tana kunna kanta in ya wuce, ya ɗauka halinta ne, sai da Kabiru ya gaya masa a gefe cewa da wayar mai ita ana iya yi daga nesa, sannan ya gane. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce shi namiji ne, zagi zai bi shi shekara biyu ya wuce, amma in aka ce uwar Rukayya ce, har ranar auren yaran nan sai an tuna musu. Ya ce in jefa wayar a masai in manta, shi ya yafe. Ya juya ya tafi, hannuwansa shuɗi da baba kamar kullum.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina juya maganarsa. Na kai wayar har bakin masai na dawo da ita. Sau biyu na yi shiru a wannan al'amari, na farko ya kashe mota, na biyu Allah kaɗai ya san abin da ya kashe, ba zan yi na uku a kan bawan Allahn nan ba. Ranar Juma'a mai zuwa ake sadakar arba'in ɗin Ya Kaka, dangi duk za su taru. Kafin a buɗe addu'a zan kai wa Baba Isyaku wayar da hannuna, a gaban Turai, in faɗi abin da na rubuta maka. Ina jin tsoro ƙwarai, ban san ko za a bar ni a gidan ba, ban san da wane ido Rukayya za ta dube ni ba. Kafin takardar nan ta iso gare ka an riga an yi, don haka ba shawara nake nema ba, kuma ban ce ka roƙa mini kowa ba. Abu ɗaya nake so. Ka kira Muttaka, da bakin da ka ce masa ba ɗan'uwanka ba ne, ka janye.

Ka gaida Anti Hajo, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso, na fara sawa da na fita. Ka shafa mini kan Umair da ƙannensa. Rukayya da Nana suna gaishe ka. Turai ma ta ce in sa gaisuwarta, ita ce ta aro mini biron da nake rubutun nan da shi, ba ta san me nake rubutawa ba.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman gafarar Allah da taku,

Ummulkhairi