Ƙugiyar da Baba Ya Kankare

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin koyarwa? Allah ya taimaka.

Albishir nake tafe da shi. Kamfaninmu zai sake buga littafin marigayi Baba, da bango mai kauri, tunda har yau shi ake karantawa a makarantu. Ni aka ɗora wa duba rubutun. Akwai ɗan gyara guda da nake so ki sa hannu a kai, tunda mu biyu ne magadansa.

Kin san yadda labarin ya ƙare. Wa da ƙane suna ratsa daji, rana ta take, wan ya kishingiɗa a gindin bishiya, ƙanen ya ɗauke salkar ruwansu ya yi gaba. Jimlar ƙarshe ta ce, "Kishi ne ya kai shi." Mun zauna a ofis mun yi nazari, mun gano kuskuren bugu ne. Tafiretar Baba ba ta da haruffa masu ƙugiya, da biro ake bi ana sa musu, kuma a takardar asali na ga alamar ƙugiya a kan harafin. Ƙishi Baba ya nufa. Mutum a daji ba ruwa, me zai kai shi ɗauke salka in ba ƙishi ba? Hakan ma ya fi dacewa da tarbiyyar yara.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya. Yara na tambaya ko Kawu ya manta hanyar gidanmu ne.

A ɗakin malamai na karanta takardarka, na yi dariya har mai koyar da lissafi ya ɗago kai ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, ƙanena ne zai gyara wa mamaci bakinsa.

Wannan alamar da ka gani, ni na yi ta. Ni ce mai bin shafukan da biro a kan bencin nan na bakin taga, Baba na buga tafireta ina sa ƙugiya. Da na zo shafin ƙarshe, da wayon yarinta na ce ai ƙishi ne, na lanƙwasa masa ƙugiya har ina jin daɗi. Baba ya karɓa ya duba ta saman tabarau, ya ɗauko rezar askinsa, ya kankare ta a hankali, ya hure takardar. Ya ce, "'Yar nan, ƙishi kofin ruwa ke kashe shi. Wannan kuwa ko kogi ka ba shi ba zai kwanta ba."

In ma ba ka yarda da ni ba, koma shafin da ke kafin na ƙarshe. Ƙanen ya yi nisa, ya kwance bakin salkar, ya tsiyaye ruwan a ƙasa. Wane mai ƙishi ka taɓa gani yana shayar da turɓaya? Haba, Auta! Shekara da shekaru ina koyar da littafin nan, kuma a wannan kalmar aji ke yin tsit, don kowane yaro ya san abin da ake nufi, ya taɓa jin sa a ƙirjinsa. In ka mai da shi ƙishi, ka wanke maci amana tas, ka bar wa yara labarin zafin rana.

Ba zan sa hannu ba. Ka gaida mai ɗakinka.
Yayarka.

Yaya,

Salamu alaiki. Takardarki ta iso, da zafinta.

Ki kwantar da hankalinki, ba a buga komai ba tukuna, shawara ce kawai ake yi. Batun reza kuwa, ni ban gani ba. Ta yaya zan gani? Duk sanda na leƙo ɗakin nan sai a ce in fita in yi wasa, kar in taɓa takardu. Ke ce ta benci, ni ne na bakin ƙofa. Kuma ba ke aka riƙa kira "Mai Salka" a makaranta ba, tun daga ranar da aka fara karanta littafin a ajinmu. Yara ba su san ƙagaggen labari ba, sun dai san marubucin yana da babba da ƙarami.

Amma a bar tone-tone. In an gama aikin za a yi taron ƙaddamarwa, kuma shugaban kamfani na so babbar 'yar marubucin ta karanta shafin ƙarshe a gaban baƙi. Na ce masa za ki zo.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki.

Auta,

Sallama irin ta addini, don ita ba a hana kowa.

Jiya na biya shagon littattafai sayen alli da jan biro. Mai shagon ya tare ni da fara'a, ya ce, "Malama, barka, littafin tsohonku ya fito!" Ya yanka kwali ya miƙo mini ɗaya, ƙamshin sabuwar takarda na tashi. A tsaye na duba ranar bugu. Ashe lokacin da kake rubuta mini "shawara ce kawai", littafin na cikin kwalaye. Sakiyar da ba ruwa ka yi mini, Auta.

Ƙugiyar na nan ta yi ɗare-ɗare a jimlar ƙarshe. Na juya baya ina neman wurin da ya tsiyaye ruwan, babu shi, ka cire layin ɗungurungum. Ka ga ke nan ka san gaskiya, don mai kuskure ba ya share sawunsa. Shafin farko, inda Baba ya rubuta "Ga 'yata mai sa mini ƙugiya", ya koma "Ga iyalina". A ƙasa kuma an rubuta wai an yi gyare-gyaren da amincewar magada. Wace magajiyar ce ta amince? Na mayar wa mai shago littafin na fito.

Na ji zafin "Mai Salka", wallahi na ji, kuma ban san abin ya ci ka haka ba. Da ka faɗa mini tuntuni, da na gaya maka Baba ya gama tsara labarin nan tun kana goye. Ba kai ba ne a ciki. Kai ne dai ka bi shi da gudu yanzu ka shiga.

Taro kuwa zan zo, da sabon mayafina. Zan karanta shafin ƙarshe kamar yadda aka nema. Sai dai ka sani, injinku takarda ya buga, bai buga harshena ba.

Yayarka.

Yaya,

Don girman Allah ki saurare ni. Shugaban kamfani zai zauna a layin gaba da littafin buɗe a hannunsa, kuma na riga na gaya masa kin amince. In kika furta wancan, zai tambaya, kuma kujerata ce za ta yi rawa. Harafi ɗaya ne fa, Yaya. Ki karanta yadda yake a rubuce, ko ki aiko a ce ba ki da lafiya. Ko sau ɗaya a rayuwa a bar ƙane ya fita da mutuncinsa.

Ina jiran amsarki.
Autanku.

Auta,

Gaisuwa, da fatan ka isa gida lafiya, tunda ka fice kafin a tashi.

Ka ji da kunnenka. Na faro daga shafin da ke kafin na ƙarshe, na mayar da layin tsiyayar ruwan daga haddata, na faɗi kalmar Baba yadda ya bar ta. Da shugabanku ya tare ni a bakin ƙofa yana nuna mini shafin, cewa na yi haka mahaifina ya karanta mini, ban ƙara ko uffan ba. Ban ce na amince ba, ban ce ka yi ƙarya ba. Sauran bayanin naka ne, kuma gobe ma haka zan karanta wa ɗalibaina.

Ga kwafin da aka ba ni na dawo maka da shi, da sabuwar reza a shafin ƙarshe. Ban kankare ba, ba ni na sa wannan ba.

Na ga yadda kake ta haɗiyar yawu ina karatu. Ka sha ruwa, Auta. In abin ya kwanta, to ƙishi ne, zan zo har ofis in ba ka haƙuri a gaban kowa. In bai kwanta ba, ka san sunansa.

Ƙofata a buɗe take.
Yayarka.